Jita-jita a Waya: Kafin a Ce wa Talaka Ya Bincika, a Ba Shi Abin Bincikawa

A farkon watan Agustan 2014, 'yan makonni bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Najeriya a dare guda: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, a kuma kurɓa, wai shi ne kariya. Uwa ta kira ɗanta da ke makaranta, ɗa ya kira mahaifinsa a ƙauye, maƙwabci ya buga wa maƙwabci ƙofa. Da ƙura ta lafa, aƙalla mutum 2 sun rasu saboda gishirin da suka ɗirka, wasu wajen 20 suna kwance a asibiti. Ita Ebolar mutum 8 ta kashe a duk faɗin ƙasar, kuma ko sau ɗaya ba ta leƙo Arewa ba.

Duk wanda ya tura saƙon nan, ceto ya yi niyya, kuma abin da ya sa maganar labaran ƙarya ke da wuyar sha'ani ke nan. Akwai mai ƙirƙira da gangan, akwai wanda aka biya ya yaɗa, amma waɗannan 'yan tsiraru ne. Masu kai kayan lungu-lungu mutanen kirki ne, wani tsoro ya kama shi, wani ransa ya ɓaci, wani kuma so yake ya riga kowa kawo labari. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Sun gano cewa damar a sake tura labarin ƙarya ta fi ta labarin gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin gaskiya ta isa ga mutum 1,500 sai ta ci ninki shida na lokacin da ƙarya ke ci. Da suka cire shafukan da na'ura ke sarrafawa daga lissafin, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke yi. Ƙarya ba ta da ƙaidin abin da ya faru, don haka mai shirya ta yana iya zuba mata duk gishiri da yajin da ya ga dama.

Abin da ke fara zuwa wa gwamnatoci a rai shi ne sanda. A Najeriya an yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an tsare 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na jihar Neja ya kawo ƙudirin da aka fi sani da dokar soshiyal midiya, jama'a suka yi masa ca, ya kwanta. A watan Yunin 2021 gwamnati ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na marigayi Shugaba Buhari, kuma abin dariya, a Twitter ɗin ma'aikatar yaɗa labarai ta yi sanarwar. Wata bakwai aka yi, matasa suka koyi amfani da VPN, manhajar da ke zagaye toshewar intanet, jita-jita ta ci gaba da harkarta a WhatsApp da Facebook kamar ba a yi komai ba. Aibin sanda a bayyane yake. Wanda zai riƙe ta yana cikin masu shari'ar, domin rabin jita-jitar a kansa ake yi, wata kuma daga bakin yaransa take fitowa. Sannan a ƙasar da aka saba ganin ana kama mai gaskiya, duk wanda aka kama sai jama'a su ce ai ruwa ba ya tsami banza, da bai taɓo inda ke musu ƙaiƙayi ba da ba su taɓa shi ba.

To a bar wa kamfanonin su goge da kansu? An gwada, kuma mutanen Filato sun ga iyakar abin. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin gundumar Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wasu hotuna masu tayar da hankali sun cika Facebook ana cewa ga abin da Fulani ke yi wa Birom. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban shekarar ya nuna cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga rikicin fitowa da watanni, wani bidiyon kuma a Kongo-Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sanda da sojoji a jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya, inda aka tare hanya aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe. A lokacin mutum miliyan 24 ne ke hawa Facebook duk wata a Najeriya, amma abokan aikin kamfanin masu tantance labarai mutum 4 kacal suka ware wa ƙasar, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Bayan shekara uku, takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fallasa sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da aka ware don rarrabe labaran ƙarya Amurka yake tafiya, sauran duniya kaf ta raba kashi 13. WhatsApp kuwa ba a ma maganarsa. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kamfanin kansa ba ya ganin abin da ke ciki, balle ya goge.

Daga nan ne aka fara karkata ga wata hanyar mai ƙafa biyu. Ta farko a baje komai a faifai: wa ya faɗa, wa ya biya, daga ina yake magana, me ya sa wayata ta nuna mini wannan ta ɓoye wancan. Ta biyu a sa wa mai waya kayan aiki a hannu yadda zai iya tantancewa da kansa. Ana yawan ambatonsu tare kamar tagwaye, amma a ganina ɗaya ta girmi ɗaya nesa ba kusa ba. In ba a fito da bayani ba, cewa mutum "ka bincika kafin ka tura" wata dabara ce kawai ta sauke kaya a kan wanda ya fi kowa rauni.

Mu fara da gwamnati, domin shirunta ya fi kowane taki yi wa jita-jita amfani. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka fita da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Saudiyya, aka yi makonni babu wanda ya ji ɗuriyarsa, har sai da BBC ta same shi ta waya a watan Janairun 2010. A tsakanin nan babu irin labarin da ba a ƙirƙira ba. A 2017 Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan ba a faɗi abin da ke damunsa ba. Cikin wannan giɓin aka haifi tatsuniyar Jibrin ɗan Sudan, wai Buhari ya rasu an kawo mai kama da shi, wadda Nnamdi Kanu ya yi ta kururutawa, ta yi ƙarfin da a watan Disambar 2018 shugaban ƙasa guda ya tsaya gaban 'yan Najeriya mazauna Poland yana tabbatar musu cewa shi ne da kansa. Da takardar likita mai layi biyar ta fito tun farko, da ba a kai nan ba.

Na Kano ya fi ciwo. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa fiye da yadda aka saba. Ana cikin haka aka rufe ɗakin gwajin korona na birnin na wasu kwanaki. Gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Jama'a suka rabu: masu cewa ana ɓoye annoba, da masu cewa babu wata korona, kuɗin tallafi ake nema. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta yi sanadi. Kafin wannan adadi ya fito, kowa ya riga ya yanke hukuncinsa. Haka aka yi ranar 25 ga Fabrairun 2023. Hukumar zaɓe ta yi alƙawarin kowa zai ga takardar sakamakon rumfarsa a shafin IReV nan take, sai na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya maƙale. Daga baya hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Amma a sa'o'in da aka yi ana jira, takardun sakamako na gaske da na bogi sun cakuɗe a wayoyi, kuma wurin da aka tanada domin a je a gwada su babu komai a ciki. Me za ka ce wa mai waya ya bincika a ranar?

Darasin da ya fi kowanne tsawo shi ne na rigakafin shan inna, ko da yake ya riga Facebook zuwa duniya. A 2003 jita-jita ta bazu a Arewa cewa an sa wa maganin sinadarin hana haihuwa, jihar Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Masu kallo daga nesa suka ce jahilci ne. Sun manta da 1996, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya amince ya biya dala miliyan 75 don a sasanta da jihar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Zargin da aka yi wa maganin shan inna ba gaskiya ba ne, amma tsoron da ya ɗauke shi yana da tushe, kuma ba a kawar da irin wannan tsoron da ihu. Abin da ya yi aiki shi ne an bar kwamitoci da suka haɗa da likitoci da malamai suka je suka ga inda ake gwada maganin, aka sayo shi daga Indunusiya, ƙasar da mutane suka fi natsuwa da ita, Gwamna Ibrahim Shekarau ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a a watan Yulin 2004. Daga baya sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka rungumi aikin. Ko da hakan jita-jitar ba ta mutu murus ba, domin a watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Shekara 17 daga fara ƙauracewar. Amana in ta zube, a hankali ake tsince ta.

Su ma kamfanonin akwai abin da suka buɗe, galibi bayan an matsa musu. Facebook yana da rumbun tallace-tallace da kowa zai iya shiga ya ga tallan siyasa, wanda ya biya, da kimanin kuɗin da aka kashe, kuma ana ajiye su shekara 7. Kowane shafi yana da wani sashe da ke nuna ranar da aka buɗe shi, sunayen da ya taɓa ɗauka, sannan a manyan shafuka har da ƙasashen da masu tafiyar da shi ke zaune. Mutane ƙalilan ne ke leƙa wurin, alhali a nan asiri ke tonuwa. Ka ga shafi mai sunan wata ƙungiyar matasan Arewa, mabiya dubu ɗari, kullum yana zuba labaran rikici. Ka taɓa wurin bayanin shafin, sai ka tarar bara sunansa na sayar da atamfa da leshi ne, an sauya ana saura wata uku zaɓe. Ba sai wani ya ce maka komai ba. A watan Mayun 2019 Facebook ya goge shafuka da asusu 265 masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda ke shigar burtu a matsayin 'yan ƙasa suna tsoma baki a siyasar Najeriya da Nijar da Senegal da Togo da Angola da Tunisiya, bayan sun kashe kusan dala 812,000 a talla.

Sai dai rumbun talla yana kama wanda ya biya kamfani ne kawai. Wanda aka tura wa kuɗi ta asusun banki ya rubuta abin da aka ce masa kamar ra'ayinsa ne, babu inda sunansa zai fito. A watan Janairun 2023 wani binciken BBC ya nuna jam'iyyu na biyan masu tarin mabiya a ɓoye domin su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, wani aikin har naira miliyan 20, wasu kuma a saka musu da kwangila ko muƙami. Mu a nan ba baƙon abu ba ne a biya mutum ya yi magana. Sojojin baka sun daɗe a gidajen rediyon Kano. Amma mai sauraron rediyo ya san wane ne yaron wane, kuma akan faɗi wanda ya ɗauki nauyin shiri. Ɗan data na waya fa? Yana zuwa ne a rigar ɗan kishin ƙasa, ko mai kishin addini, kuma rigar ce ake saya.

Akwai kuma abin da kamfanonin suka fi ƙin a gani, wato lissafin da ke zaɓar abin da zai fara bayyana in ka buɗe waya. Takardun Haugen sun nuna cewa daga 2017 Facebook ya riƙa bai wa alamomin motsin rai, har da fuskar nan mai fushi, maki biyar, alhali danna alamar "ya burge ni" maki ɗaya ne. Ma'aikatansa da kansu suka gano cewa rubutun da ke tara alamar fushi ya fi yawan ƙunsar ƙarya da cin zarafi, kafin daga baya a sauke makin. Shekaru ana tura wa mutane abin da zai tunzura su, babu wanda ya sani a waje. Tarayyar Turai ce ta fara ɗaure wannan da doka. Dokarta ta ayyukan intanet, wadda ta fara aiki kan manyan dandamali a watan Agustan 2023, ta wajabta wa duk dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 a yankin ya bayyana yadda lissafinsa ke zaɓe, ya ba mutum damar kashe zaɓin da aka gina kan bibiyar halayensa, ya faɗa wa wanda aka goge wa rubutu dalili, ya kuma buɗe wa masu bincike ƙofa. Tarar tana iya kai kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Wannan gata na mazauna Turai ne. Mu kuwa ƙofofin ma rufewa suke yi. A 2023 Twitter ya daina bai wa masu bincike bayanansa kyauta, a watan Agustan 2024 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, ya kashe CrowdTangle, manhajar da 'yan jarida da masu tantance labarai a Afirka suka dogara da ita wajen ganin abin da ke yaɗuwa.

Yanzu ga ƙafa ta biyu. Abin mamaki, kayan aikin da suka fi tasiri su ne mafi ƙanƙanta. Bayan jita-jitar satar yara ta sa an kashe mutane da dama a Indiya, WhatsApp ya fara sa wa saƙo alamar cewa turo shi aka yi a 2018, ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda a duk duniya a Janairun 2019, sannan a Afrilun 2020 ya ce saƙon da ya riga ya sha yawo, mai kibiya biyu, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda. Kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Ba a karanta saƙon kowa ba, ba a hana kowa magana ba, an dai sa wa yatsa ɗan birki. Twitter ma a 2020 ya gwada tambayar mutum ko ya karanta labari kafin ya tura, ya ce buɗe labarai ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari a wurin waɗanda suka ga tambayar.

Wanda ake ta yayi yanzu shi ne tsarin da jama'a da kansu ke rubuta ƙarin bayani a ƙarƙashin saƙo. Twitter ya fara shi a 2021 da sunan Birdwatch, yanzu da dandalin ya koma X ana kiran sa Community Notes, kuma ranar 7 ga Janairun 2025 shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa kamfanin zai sallami ƙwararrun masu tantancewa a Amurka ya koma irin wannan. Dabarar tana da kyau a takarda. Bayani ba ya fitowa don yawan masu goyon bayansa, sai mutanen da suka saba saɓani da juna sun haɗu a kan cewa yana da amfani, kuma lissafin a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Matsalar ita ce, a kan abin da ya fi zafi, addini da ƙabila da zaɓe, nan ne ba a haɗuwa. Mafi yawan bayanan da ake rubutawa ba sa taɓa bayyana, wanda ya bayyana kuma sau da yawa bayan saƙon ya gama zagaye gari ne. Sannan tsarin yana buƙatar taron masu sa kai da ke jin harshen, masu data da lokaci. A Ingilishi akwai su. A Hausa mutum nawa ne? Akwai ma wani lahani da wani bincike na 2020 ya nuna: in ana liƙa wa wasu labarai tambarin ƙarya, mutane kan ɗauka duk wanda ba a liƙa wa ba an duba shi an wanke shi. Ga harshen da ba a cika dubawa ba, wannan na nufin ƙaryarmu na yawo da kamannin wadda aka wanke.

Kuma ƙaryar Hausa ba a rubuce ta fi yawo ba. Murya ce. Minti huɗu, ta fara da sallama da salati, mai magana ya ce shi ma'aikacin lafiya ne ko ɗan uwansa soja ne, bai faɗi suna ba, bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba: "Jama'a, wallahi yanzun nan abin ya faru, don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa 'yan uwa Musulmi." Wannan "yanzun nan" ba ya tsufa, bayan shekara biyu zai dawo yana nan sabo fil. Hoto ana iya sa shi a Google Lens a ga inda ya fara fitowa. Murya babu inda za ka sa ta. Ga shi kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun kai inda za su kwaikwayi muryar malami ko ɗan siyasa daga ɗan guntun karatunsa.

A nan ne abin da muka gada ya fi abin da aka ƙera mana amfani. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun ma haɗu kuwa, kuma an san shi da gaskiya? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a nemi tabbaci in fasiƙi ya zo da labari, kuma hadisi ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mutumin da ba zai karɓi hadisi babu isnadi ba, shi ne zai tura muryar da ba ta da suna zuwa zaure goma kafin ya gama shan koko. Ilimin yana nan, ba a dai ɗauko shi daga zauren karatu an kawo shi kan waya ba. Masu bincike a jami'ar Cambridge tare da wani sashe na Google sun nuna a 2022 cewa gajeren bidiyo da ke koya wa mutum dabarun masu yaudara tun kafin ya gamu da su, irin su tsoratarwa da ɗora wa wata ƙungiya laifin komai, yana ƙara masa iya gane su. Rigakafi ke nan, kuma huɗubar Juma'a ɗaya ko shirin rediyo ɗaya na iya yin wannan aikin ga mutanen da ba za su taɓa buɗe shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check ko Alƙalanci ba, duk da ƙoƙarin da waɗannan ke yi, har da fitar da bincikensu da Hausa.

Akwai wani shinge da masu tsara manhaja a Kalifoniya ba su san da shi ba, wato kunya. A zauren WhatsApp na dangi, wanda ya fi kowa turo irin waɗannan saƙonni sau da yawa shi ne wanda ba a iya yi wa musu. Yaro ya gane hoton tsoho ne, amma ya ce wa ƙanin mahaifinsa ya yi ƙarya a gaban mutum sittin? Sai ya yi shiru, shirun kuma a ɗauke shi shaida. Masu wayo ba sa yi a zaure. Sukan bi ta gefe: "Kawu, barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Hoton nan da aka turo maka, na ga kamar an taɓa yaɗa shi shekarun baya, ga inda ya fara fitowa. Na ce bari in nuna maka kada wani ya riga mu." An ba shi hujja, an bar masa girmansa, kuma sau da yawa shi da kansa zai koma ya ce jama'a a yi hattara. Amma a lura, duk wannan ladabin bai yi aiki ba sai da yaron ya sami abin nunawa.

Abin ya yi kama da tsarin da hukumar NAFDAC ta kawo a 2010 don maganin jabu: ka kankare ɗan wurin da ke jikin kwalin, ka tura lambar ta saƙon waya kyauta, a amsa maka ko na gaske ne. An bai wa mai saye iko, amma ikon ya samu ne saboda an tilasta wa mai kamfani ya buga lambar, an kuma tanadi rumbun da zai amsa. In babu lamba a kwalin, ko shekara mutum ya yi yana kankara ba abin da zai gani.

Najeriya ba ta rasa abin matsa lamba ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatu kwana 7 su amsa wa duk wanda ya nemi bayani, ko da yake da yawansu ko kallo takardar ba ta ishe su ba. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, abin da ya nuna in an so a ja da kamfanonin ana iyawa. Tun 2022 kuma ƙa'idar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta wajabta wa manyan dandamali su riƙa kawo rahoto duk shekara. Abin da ake shelanta wa jama'a daga rahotannin jimilla ce: an goge rubutu miliyan kaza, an rufe asusu miliyan kaza. Wannan adadin ba ya gaya wa mutumin Gusau ko Azare komai. Kafin zaɓen 2027 ya kamata hukumar ta nemi a rarraba mata shi harshe-harshe, ta kuma wallafa: ƙorafi nawa aka shigar kan rubutu da bidiyon Hausa, awa nawa ake ɗauka kafin a duba, sau nawa gwamnati da kanta ta nemi a goge wani abu kuma a kan wane dalili, sannan mutum nawa ne masu jin Hausa ke wannan aikin, waɗanda za su iya bambance zagi da wasan Barebari da Fulani, su kuma gane habaici in Basakkwace ko Badamagare ya yi shi.